Kabad Mai Makulli Ɗaya

Ranar Litinin Sakatariya ta dawo daga hutun mako uku, kuma hutun ya karɓe ta. Ta yi ɓulɓul, fuska sai sheƙi, ciwon kan nan da take ɗaure wa ɗankwali tamau ya tafi. Har injin buga takardu da ya maƙale ma dariya ta yi masa.

Anti Fayil, mai kula da ɗakin ajiye takardu, ta yi mata sannu da zuwa a daƙile. Kishi ne ya tokare ta, ba sai an ɓoye ba. Da ta tambaye ta ina aka je aka yi wannan kyau, sai yarinyar ta ce babu ko'ina. Waya ta kashe, ta yi barcin rana, ta shuka tumatir a bayan ɗaki. Wannan amsa ta fi komai ƙona wa Anti rai. Ashe abin ma a gida yake.

Ita shekara shida ke nan ba ta ɗauki hutu ba. Ba ta jera fayil bisa harafi ko lamba, tsarin a kanta yake, makullin kabad kuma a jakarta. Duk sa'ad da Manaja ya ce ofis ba zai motsa ba sai da ita, kanta fasuwa yake. Ga shi jikanta na fari har ya fara rarrafe a wani gari, ita kuwa a waya kawai ta san shi.

Kafin a tashi ta cike takardar neman hutu, ta kai wa Manaja. Ya ce haƙƙinta ne, amma ta san doka: sai abokin aiki ya sa hannu a ƙasa cewa zai riƙe mata aikin. Ta zaga tebur huɗu, kowa ya noƙe. Wa zai ɗauki kabad ɗin da ko leƙa shi bai taɓa yi ba? Saura tebur ɗaya, na mai shuka tumatir.

Sakatariya ta karanta takardar a hankali.

"Anti, sau uku ina roƙonki ki koya mini, kina cewa in tsaya a matsayina."

Gaskiya ce, haka aka yi.

"Zan sa hannu. Amma sai ranar da na nemo fayil da kaina ban kira ki ba."

Anti ta zuge jaka ta ciro makullin. Da ta miƙa, sai yatsunta suka ƙi saki, har Sakatariya ta ɗan ja. Hannun yarinyar laushi gare shi, irin na wanda ya huta. Anti ta ji haushin wannan ma, sannan ta sakar mata.

"Taso," in ji ta. "Za mu fara da aljihun ƙasa."