Hon Ɗin Ƙarfe Biyar

"Baba, kada ka bar shi a rana," in ji Celina, ta riƙe ƙofar motar don kada ya ja. "Ko na minti biyar. Shi ke nan guda ɗaya, babu wani a duniya."

Mahaifinta Edivaldo, wanda ake kira Seu Edivaldo don girmamawa, ya karɓi kaset ɗin da hannu biyu. Ya ce mata shekara ashirin da biyu yana yawo da jarkokin ruwan sha a cikin birnin Recife bai taɓa fasa ko ɗaya ba, balle ɗan wannan abu da bai kai tafin hannu ba. Ta yi ɗan murmushi, ta ruga ta kama bas zuwa kantin maganin da take aiki. Da ya san abin da zai aikata kafin ƙarfe biyu, da ya bi ta ya mayar mata da kayanta.

Aikin shekara biyu ne a cikin kaset ɗin. Makaɗan da Celina ke tare da su suna kiran kansu Shuɗin Kunkuru. Sun kai mutum ashirin, wai ƙungiya huɗu ce, amma fuskokin ba sa canjawa: mai ganga a wannan shi ne mai jita a waccan. Kiɗansu irin wanda ke sa mutum ya ji kamar yana mafarki da rana tsaka ne, da sarewa da ƙararrawar keke da muryoyi masu hawa kan juna. Duk Lahadi suna taruwa a tsakar gidan Dona Zuleide da ke unguwar Várzea, suna ɗaukar kiɗansu da wata tsohuwar na'ura. Ɗan Dona Zuleide, Nivaldo, wanda ya kafa su, ya kafa musu doka: ba a kwafar kaset sai an gama, domin a cewarsa kwafi yana kashe ɗumin sauti. Yanzu an gama, waƙa tara, uku na Celina. Saura a kai wa wani Gilvan a garin Olinda ya juye shi a kwamfuta, shi kuwa ba ya buɗe shago sai ƙarfe biyu.

Saboda wannan kiɗa Celina ta bar makarantar jinya, kuma tun daga ranar magana tsakaninta da ubanta ba ta wuce gaisuwa. Bai taɓa taka tsakar gidan ba. Amma duk Lahadi ƙarfe biyar daidai zai tsaya a ƙofar, ya danna hon, biyu dogaye ɗaya gajere, domin bai yarda ta hau bas da duhu ba. Kullum sai ya ji ihu da tafi daga ciki, ya haɗiye, ya san da shi ake. Wannan aike shi ne abu na farko da ta roƙe shi a shekara biyu.

Tunanin rana bai dame shi kamar na ɓarayi ba. A aljihu za a iya zare shi. A ƙarƙashin kujera jarka na iya yoyo. Sai ya ɗora shi a gaban mota, jikin gilashi, inda idonsa ba zai bar shi ba. Da safe akwai hadari, ya ce a ransa idan rana ta fito zai ɗauke. Da tsakar rana ya tsaya a kasuwar Afogados cin abinci. Ya ɗaga gilasai duka, ya kulle, ya zagaya ya gwada kowace ƙofa sau biyu. Ya zaɓi bencin da ke kallon motar, ya ci wake da shinkafa da garin rogo, idonsa a kan kaset ɗin. Mai abincin ta tsokane shi ko budurwa ya ɓoye a ciki. Awa guda yana gadinsa, babu wanda ya ko raɓi motar.

Sai da ya buɗe ƙofa zafi ya doke shi a fuska sannan maganar Celina ta dawo masa.

A Olinda, Gilvan ya juya kaset ɗin a hannu. Kaset ɗin ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Gilvan ya kwance ƙusoshin a hankali, ya taɓa zaren da tsinke, zaren ya biyo tsinken kamar alewa.

"Wa ya dafa wannan?" in ji shi.

Edivaldo ya ce shi ne. Ya tambaya ko akwai wata dabara, ko a São Paulo ne. Gilvan ya girgiza kai, ya zuba masa ruwa a kofi, ya ce ya zauna tukuna, kada ya faɗi a shagon mutane.

A hanya ya shirya ƙarya. Zai ce an fasa gilashi an sace, a Recife wa zai musa? Har ya tsaya gefen titi ya ɗauki dutse ya auna shi a hannu. Sai ya tuna yadda ta riƙe ƙofar motar da safe, ya yar da dutsen.

A kantin magani ya ajiye kaset ɗin a kan kanta, ya faɗi yadda aka yi tun daga hadarin safe har bencin kasuwa. Celina ta daɗe tana kallon abin. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Na gaya maka, Baba," ta ce a hankali.

Ta nemi izini wajen mai kantin, ta shiga mota, ta ce ya kai ta Várzea. Har suka isa yatsunta na ta tafiya a kan waya tana tura saƙo. A ƙofar gidan ya kashe mota ya zauna yadda ya saba. Ta leƙo ta taga ta ce ya sauko, shi zai yi musu bayani da bakinsa.

Tsakar gidan ta fi yadda yake zato ƙanƙanta. Bishiyar mangwaro, bango mai zanen kifaye masu fukafukai, ganguna an rufe su da leda. Nivaldo, dogo mai furfurar gemu da riga mai furanni, ya saurare shi har ƙarshe, ya karɓi kaset ɗin, ya zauna a kan wani akwati ya dafe kai. Edivaldo ya tsaya da hula a hannu yana jiran zagi. Sai Dona Zuleide ta fito daga kicin da butar kofi, ta dubi ɗanta.

"Shekara biyu ina ce maka ka kwafa, kana ce mini ɗumi, ɗumi. To ga ɗumi nan ka samu. Seu Edivaldo, zauna, kada ka tsaya kamar wanda aka kawo kotu. Wautar ta riga ka zuwa gidan nan."

Bai gama kofin farko ba aka fara shigowa. Wani mai raba wasiƙu ne ya fara zuwa, da rigar aikinsa, da kwalin takalmi a hammata. Sai wata likitar haƙori, sai wasu tsofaffi biyu 'yan'uwan juna suna gardamar wadda ta manta tabarau, sai kwandastan bas da ɗalibai uku. Kowa da kwalinsa. Mai wasiƙun, Ademar, ya zauna kusa da Edivaldo ya yi masa bayani. Duk mai zuwa sauraro ran Lahadi yana ɗaukar nasa, wani da ƙaramar rakoda, wani da waya, bisa alkawarin ba za a sa a intanet ba sai makaɗan sun fitar da nasu. Kowa na rubuta kwanan wata da inda ya zauna. Shi shekara shida yana gindin mangwaro, shi ya sa a nasa ganga ta fi fitowa. Na likitar murya ce ta fi kyau, don kusa da mawaƙa take zama.

Aka kira Gilvan a waya. Ya ce idan an sami waƙa ɗaya daga kusurwa uku ko huɗu zai iya ɗinke su, amma kada wanda ya zo masa da ƙorafin tarin wani ko kukan kare. Aka shimfiɗa zane a ƙasa aka fara jerawa. Nivaldo na karanto ranakun daga littafinsa, mutane na tona kwalaye. Tsofaffin nan biyu suka ce waƙa ta uku ranar bikin jikarsu aka ɗauka, aka duba, haka ne. Edivaldo bai san inda zai sa kansa ba. Ya ɗauko jarka daga mota ya cika wa kowa kofi, duk wanda ya miƙa wa sai shi Edivaldo ya ce masa na gode, har kwandastan ya ce masa ai shi ne ya kamata ya yi godiyar, tunda shi aka ba ruwa.

Aka zo kan waƙar Celina ta biyu. Ademar ya sa nasa. Muryarta ta fito siririya a kan sarewa, kiɗan na ta hawa yana juyawa, sai kwatsam komai ya tsaya. Shiru na kamar numfashi biyu. Daga nesa hon ya shigo, biyu dogaye ɗaya gajere, ganguna suka faɗo a kansa gaba ɗaya, mutanen cikin kaset suka kaure da ihu. Na tsakar gidan ma suka tafa, duk sun juyo suna kallonsa.

Edivaldo ya fara ba da haƙuri, ya ce bai san yana ɓata musu aiki ba.

Ademar ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce sunan waƙar ma Ƙarfe Biyar. Saura minti huɗu ake fara ta, a bar wa Edivaldo gurbinsa, domin a duk cikin ƙungiyar shi kaɗai ne bai taɓa makara ba. Wata bakwai ana haka. Likitar ta miƙo masa zanen bangon faifan da za su fitar. A jerin makaɗa, ƙasan mai sarewa, an rubuta: hon, Edivaldo.

Ya daɗe yana bin haruffan da yatsa. Sannan ya dubi 'yarsa, wadda ke durƙushe tana jera kaset, ya tambaye ta don me ba ta taɓa gaya masa ba.

"Da na gaya maka, da tun ƙarfe huɗu za ka zo ka zauna kana duba agogo," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ka ɓata mana shi."

Aka sake dariya. Shi bai iya ba, ya ciro hankici ya ce hayaƙin kicin ne.

Kafin rana ta faɗi an haɗa waƙa takwas. Ta tara ce babu, wadda Celina ta rera ita kaɗai da jita wata Lahadi da aka yi ruwan da ya cika tituna. Mutum huɗu ne suka zo ranar, kuma ɗaya ce ta ɗauka, wata Marluce, wadda ta koma Petrolina, wani gari mai nisa, bara. An kira wayarta sau uku, tana ringin ba a ɗauka.

Edivaldo ya miƙe ya laluba makullin mota. Ya ce idan ya kama hanya yanzu, gobe da safe yana Petrolina. Celina ta kamo gefen rigarsa ta ja shi ƙasa.

"Zauna, Baba. Kofinka na hucewa. Kuma gobe Lahadi, wa zai danna mana hon?"

Ya zauna. Hannunta bai saki rigar nan da nan ba. Likitar ta sake tura wa Marluce saƙo, ta ajiye wayar a tsakiyar zanen, kowa na satar kallonta. Babu wanda ya san ko Marluce ta tafi da kwalinta, ko ta zubar da shi ranar da ta tashi.