Ɗakin Goggo Larai

"Riƙe mani ƙoƙon nan, Suwaiba, yatsun sun ƙi."

Na kai mata shi baki. Ta kurɓi ruwan ta riƙe shi a kumatu kafin ta haɗiye, don bakinta ya daɗe da daina yin miyau.

Goggo Larai maƙwabciyata ce a Sheme, zana ce kawai ta raba mu. Da can ita ke yi wa matan unguwa kitso. Ciwon ya faro ta gaɓoɓi, yatsu suka kumbura suka lanƙwashe. Ana cikin wannan wuyanta ya tasa, idanu suka bushe kamar an zuba masu yashi. Daga ƙarshe rana ta zama abokiyar gabarta. In ta fito tsakar gida ko shanya ta yi, kafin la'asar fuska ta yi jawur, zazzaɓi ya kwantar da ita.

Ɗanta guda, Gide, yana aiki a masaƙa a Kaduna. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi ya ɗauko shatar mota muka kai ta asibiti Zariya. Likitan ya ce ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne ko huɗu, amma tushensu ɗaya: jikinta ne ke yaƙar kansa. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce ta guji rana.

A hanyar dawowa ta ce, "To ni bayan wa zan bi, Suwaiba? Duk biyun ni ce."

Gide bai san abin da zai yi mata ba, sai ya yi abin da ya iya. Ya sa aka kware jinkar ɗakinta aka buga kwano sabo fil, mutane na tsayawa kallo daga bakin titi. Da bazara ta shigo ɗakin ya koma tanda. Waje rana, ciki wuta. Sai in jiƙa zane in lulluɓe ta, kafin in juya ya bushe.

"Goggo, bari in aika a faɗa mashi. A maido maki da bunu."

"Kul! Yaron nan da ya gama, fitowa ya yi yana kallon rufin yana murmushi. Ba da bakina ba."

"To ki dawo ɗakina."

"In ya zo ya tarar da nashi a rufe fa?"

Ta juya fuskarta bango, kafaɗunta na rawa. Kuka take, amma ko ɗigon hawaye babu.

Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Da muka yi mata wanka na yi ƙoƙarin miƙe yatsun, suka ƙi, na bar su.

Gide bai iso ba sai washegari da azahar. Ya gaisa da mutanen da ke zaman makoki a ƙofar gida, ya shiga ɗakin ya sakaya ƙofa. Da ya daɗe na bi shi da ruwa.

"Gide, fito waje ka sha iska."

Yana zaune a kan gadon karanta, rigarsa ta manne da bayansa, gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa daɓe.