Wa Ke Riƙon Sanƙira?

Daren jiya Nafi'u mai gyaran kwamfuta ya yi wani mafarki, irin wanda mutum kan yi idan ya kwanta ya bar aiki a buɗe.

Aikin kuwa na cikin gida ne. Matarsa Hurera ta rasa ganinta shekarun baya, hawan jinin ido ya tafi da shi, amma ba ta rasa karatu ba. A tsohuwar kwamfutarta akwai wata 'yar manhaja mai furta mata duk abin da ke kan allo da Hausa, da muryar namiji, shi ya sa take ce masa Malam Sanƙira. Da shi take jin saƙonnin 'yan'uwanta, da shi take shirya darasin ɗalibanta. Kwamfutar ta tsufa, sai an jingina ta da bango ake samu ta kunnu. Nafi'u ya sayo sabuwa, siririya, mai wata sabuwar irin ƙwaƙwalwa da ba ta jin umarni da yaren tsohuwar. Ya ɗora mata tsarin da suka saba da shi, na kyauta, wanda mutanen duniya suka haɗu suka gina, kowa kuma na iya buɗe cikinsa ya gyara. Komai ya tashi lafiya lau, ban da Sanƙira, wanda ya ce sam bai san zancen ba. Nafi'u bai faɗa wa Hurera ba, ya rufe ya kwanta.

Sai ya ga kansa a wani gari ana tashi, za a ƙaura zuwa sabon gari. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsirowa ya nufi sama, don haka mata suka kife bahuna a kan itatuwa suna tara. Babu wanda abin ya dama. Mutanen garin duk manhajojin kwamfutar Hurera ne, kuma Nafi'u ya gane su ɗaya bayan ɗaya kamar maƙwabta. Ga Hajiyar da ake rubutu da ita, ta ɗaure alƙalumanta a bakin zani. Ga ƙaton da ake shiga intanet da shi, aljihunansa duk a buɗe, yana cin guzurin kowa. Can gefe a kan tabarma wani tsoho ne mai furfura, yana faɗin duk abin da ya gani.

Tsohon ya ce, "Nafi'u. A tsaye. Bai yi wanka ba."

Nafi'u ya ce, "Baba Sanƙira, tashi mu tafi, mota za ta cika."

"Mota. A cike. Ba a iya dannawa."

Sai ga su a ƙofar sabon garin. Ƙofar a kwance take a ƙasa, kuma mutanen ciki da gwiwar hannu suke gaisawa. A bakinta wata akuya ce zaune a ofis, da tabarau, tana cin gefen teburinta a hankali. Duk wanda ya zo sai a warware shi zare-zare kamar tsohuwar hula, ƙadangaru su sake ɗinka shi daidai da iskar garin, ya miƙe ya wuce. Ba zafi, ba kuka. Amma kowa da mai riƙonsa yake zuwa, shi ke tsayawa a kan ɗinkin. Ƙaton nan mai cin guzuri masu riƙonsa har turereniya suke yi, wasu na yi masa fifita.

Da layi ya zo kansu, akuyar ta leƙa cikin bakin Sanƙira ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Jikinsa ba matsala, ɗinkinsa a fili yake, ko makaho ya bi zaren. Maƙogwaron ne. Da hannu aka sassaƙa shi don iskar tsohon gari. A nan ko tari ba zai fita ba, sai an sake sassaƙawa. Wa ke riƙonsa?"

Nafi'u ya ce, "Ranki ya daɗe, ai na kowa ne."

"Na kowa ba ya shiga. Suna nake so."

"Dattijo ne fa, ga gemu."

"Mun ga marayu masu gemu. Wa ke riƙonsa?"

Nafi'u ya tuna cewa mai riƙonsa wata mata ce a wata ƙasa mai sanyi, bai taɓa riƙe sunanta ba. Yana tunawa sai ga ta zaune a ƙarƙashin teburin akuyar, ƙanƙara na zuba a kanta ita kaɗai, tana shayar da tagwaye.

Ta ce, "Ni na gaji. Tuntuni na ajiye shi a bakin hanya na ce mai so ya ɗauka. Kun wuce ta wurin, kun gaishe shi."

Nafi'u ya ce, "Allah ya saka da alheri."

Ta ce, "Yau na fara jin godiya," ta ja labule.

Akuyar ta ce akwai tafinta, in yana so. Tafintan kunkuru ne. Aikinsa ya goya baƙon da bai iya yaren gari ba, ya riƙa juya masa magana kalma-kalma. Aka ɗora Sanƙira a bayansa, suka shiga ta wata kafa.

Hurera na zaune a tsakiyar kasuwa a kan gadonsu, da kofin shayi a hannu. Saƙo ya shigo mata daga yayarta Marka. Sanƙira ya buɗe baki da hantsi ya ce "Sa", kunkuru ya ɗauka ya juya, ya duba ƙasanta, ya ajiye. Wajen la'asar aka samu "lamu". Saƙon na gayyatar suna ne, kuma kafin a kai ƙarshensa jaririn da kansa ya iso, da gashin baki, ya kawo goron aurensa. Hurera ba ta yi ƙorafi ba, shayin ne dai ya yi tsiro.

Nafi'u ya ji tausayinta ya kama shi, ya ce, "Kawo in karanta miki mana, ba ga ni ba?"

Ta ce, "Saƙon Yaya Marka ne, Baban Walida. Rabinsa a kanka ne."

"To ai ba zan ji haushi ba."

"Za ka ji, kuma za ka tsallake layi. Idona ne ya tafi, ba sirrina ba."

Kunkurun ya juya wannan ma, ko da yake babu wanda ya sa shi.

Sai filin ƙwallo, cike maƙil. Duk masu amfani da Sanƙira ne daga ko'ina: malamai, 'yan kasuwa, wata tsohuwa da rediyo a ka, wani mai gyara irin Nafi'u har da sukundirebansa a kunne. Nafi'u bai taɓa zaton suna da yawa haka ba, har ya ji hankalinsa ya kwanta, don a cikin wannan taro ai ba a rasa gwani. An zaunar da tsohon a tsakiyar fili. Akuyar ta hau kan tebur da lasifika.

Ta ce, "Maƙogwaronsa ba ya aiki a sabon gari."

Filin ya amsa baki ɗaya, "Ni ma haka yake yi min!"

"Wa zai riƙe shi?"

"Ni ma haka yake yi min!"

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce abin kunya ne a ce har yanzu ba a gyara ba, aka tafa masa sosai. Kowa ya juya yana kallon na kusa da shi. Na kusa da Nafi'u, da ya duba, Nafi'u ne, shi ma yana kallonsa cike da fata.

Akuyar ta sauko ta tsaya a gabansa tana tuƙa.

Ya ce, "Ni fa allo nake canjawa da batir. Ban taɓa sassaƙa maƙogwaro ba."

"Mai tagwayen ma lissafi take koyarwa. A kansa ta koya."

"In na riƙe shi, me ake ba ni?"

"In ya yi tari a kira ka. In ya yi tuntuɓe a zage ka, waɗanda ba su san fuskarka ba. In ya yi daidai a yi shiru."

"Har yaushe?"

"Har ka gaji ka ajiye shi a bakin hanya, ko matarka ta daina samun saƙo."

Nafi'u ya ji tsoro, tsoro na gaske, ba na mafarki ba. Ya ce a ba shi zuwa bayan Sallah. Akuyar ta ce a garin nan bayan Sallah ya riga ya wuce. Can nesa fitilun tsohon gari suka soma mutuwa unguwa-unguwa, ruwan da ke hawa sama ya tsaya cak a tsakiya. Sanƙira ya dubi taron, ya yi aikinsa.

Ya ce, "Mutane. Da yawa. Ba a zaɓi ko ɗaya ba."

Nafi'u ya yunƙura zai ɗaga hannu. Hannun ya taso har kafaɗa, ya tsaya, ya shiga sosa masa ƙeya. Akuyar ta koma teburinta ta ɗauki hatimi tana bugawa a kan katako tsura, ƙas, ƙas, ƙas.

Ƙarar ce ta tashe shi. Gari ya waye, ana shara a tsakar gida. Hurera na zaune a bakin gado, ta lalubo sabuwar kwamfutar ta ɗora a cinya, ta karkata kunne, tana danna maɓalli ɗaya tana saurare. Allon ya haska mata fuska tar, komai a jere gwanin kyau.

Ta ce, "Baban Walida, ka tashi? Tun ɗazu nake dannawa. Ta kunnu kuwa?"

Ya ce, "Ta kunnu."

"Na ji ƙarar saƙo ya shigo. Wa ya turo?"

Ya matso ya buɗe baki, sai ta sa tafin hannu ta rufe allon.

Ta ce, "A'a, bar shi. Wataƙila Malam Sanƙira bai saba da wurin ba ne. Zan jira shi."

Ta sake dannawa, ta saurara.