Ranar da Kowa Ya Kira Abdulmuminu

Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma zafin bazara ya riga ya sauko kan garin Gadarif na gabashin Sudan, baƙar ƙasar nan duk ta tsattsage tana jiran damina. Abdulmuminu yana zaune a kan karonsa, amalanken nan da jaki ke ja, gangar ruwa tana kaɗawa a bayansa, jakinsa Basha yana takawa a hankali yadda ya saba, sai waya ta sake ɗaukar ƙara a aljihun jallabiyarsa.

"Salamu alaikum. Kai ne mai ruwa? Mai jakin nan da yake dariya?"

"Ni ne, Hajja."

"To kawo mana bayan ƙaramin masallaci, ƙofa mai shuɗin fenti. Randunanmu sun bushe ƙayau."

Bai gama cewa tamam, wato to shi ke nan, ba wani kiran ya shigo. Yana ajiye wannan, wani ya biyo. Tun sallar asuba haka ake yi. Wayar da takan wuni shiru in ban da kiran mahaifiyarsa, yau har ta yi zafi a hannu.

Ya san daga inda abin ya taso. Duaa ce, wadda ta zo daga Khartum da mahaifiyarta shekarar da yaƙi ya tashe su, suka kama ɗaki a gidan Inna Mairama, ƙanwar mahaifiyarsa. A can aikinta ke nan, haɗa manhajar waya. Da ta gaji da ganin mata tsaye a bakin ƙofa suna leƙen karo, sai ta haɗa wa unguwar tata manhajar: ga sunayen masu karo a jere, ka taɓa suna, hoton mutum da lambarsa su fito. Kowa ta ɗauke shi hoto. Shi ta fara ɗauka saboda shi ne a kusa, kuma daidai lokacin Basha ya ɗage leɓe ya fito da haƙora duka. Jiya da yamma ta tura abin cikin zauren WhatsApp na unguwa.

Abin da bai sani ba shi ne dalilin da ya sa kowa shi yake zaɓa. Ya yi ta juya maganar a ransa yana murmushi. Wataƙila don ba ya jiƙa wa mutane bakin ƙofa. Wataƙila don yana gaida tsofaffi. Ko kuwa hoton ne ya yi kyau. Ya leƙa bakin gangar ya ga fuskarsa tana rawa a ruwa, ya gyara hularsa.

Ya tsaya wurin Hajar mai shayi, ko saukowa bai yi ba.

"Hajar, shayi, ki cika sukari. Ashe duk shekarun nan mutane suna lura da ni, ni ne ban sani ba."

"Da kai ko da jakin?"

"Mu biyu. Ai kamfani ne yanzu."

"To Mudir, shugaban kamfani, ka sha a hankali kada ka ƙona bakin da ake nema."

Wayar ta sake kuka, ya ɗaga ta sama don Hajar ta gani, ya yi dariya har shayin ya zuba a kan gwiwarsa. Ya saya wa Basha damin kara ɗanye, abin da sai ranar salla yake yi.

Da ya koma bakin tanki don ya sake cikowa, sai ya tarar da sauran masu karo zaune ƙarƙashin darbejiya, wasu gangunansu cike, wasu ko cikawa ba su yi ba, jakunansu suna gyangyaɗi. Ya yi sallama da fara'a. Amsar ta zo a sanyaye.

Ishaku ne ya fara. "Ga mai gari ya iso. A ba shi hanya."

"Wallahi ku ma yanzu za a kira ku," in ji Abdulmuminu. "Ni tun asuba—"

"Mun gani," in ji Harisu.

Harisu shi ne babba a wurin. Shi ya koya wa Abdulmuminu ɗaura sirdi, shi ya tsaya masa har aka ba shi gurbi a layin tanki. A wurin nan kuwa akwai ƙa'ida tun kafin a haifi Abdulmuminu: kowa da titunansa, ba ka kai ruwa titin wani sai ka faɗa masa. Wanda ya karya, a cire shi daga layi, ya je neman ruwa can bayan gari inda jaki ke wuni a hanya.

"An ga karonka a titina," in ji Harisu. "An gan shi a na Ishaku. An gan shi a na Husaini."

"Baffa Harisu, su suka kira ni."

"Mutanen da nake shayarwa tun kana tsumma? Yau rana ɗaya duk suka manta sunana? Yarinyar nan a gidan innarka take. Ba mu san abin da kuka ƙulla ba." Ya gyara zama, bai kalle shi ba. "Bayan la'asar za mu zauna. Ka cika wannan, ƙila ita ce ta ƙarshe a nan."

Abdulmuminu ya buɗe baki zai rantse, wayar ta ɗauki ƙara a aljihunsa. Kowa ya zuba wa aljihun ido. Ya danne ta da tafin hannu kamar mai ɓoye kazar sata, ita kuwa ta ci gaba da kuka.

Akwai gida ɗaya da ya riga ya yi wa alkawari, gidan Hajja Fatna, kuma a titin Harisu yake. Ya je ne da niyyar ba da haƙuri. Tana ganinsa ta riƙe haɓa.

"Kai kuma! Ni fa Harisu na taɓa."

"Harisu?"

"Zo ka gani." Ta jawo wayarta daga cikin mayafi, ta miƙa ta nesa da ido, ta taɓa sunan Harisu da ɗan yatsa. Sai ga Abdulmuminu da hularsa, ga Basha da haƙora waje.

"Na ce ko Harisu ya mutu ne ka gaje shi," in ji ta.

"Taɓa Ishaku, Hajja."

Ta taɓa. Basha ya fito yana dariya. Ta taɓa Husaini, Basha. Ta taɓa Abdelaziz, mutumin da ma da alfadari yake aiki, Basha dai. Hajja Fatna ta fara ƙyalƙyala dariya, ta dafa ƙyaure. Abdulmuminu ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa, ya zauna a dakali yana dariya har hawaye. Duk inda yatsanta ya sauka haƙoran nan ne.

Sai da dariyar ta lafa ya gane. Ashe ba wanda ya zaɓe shi. Ba gaisuwa ba ce, ba hula ba ce. Ya kalli damin karan da Basha ke ci, ya ce, "Ci dai, ai an riga an saya."

Ya juya karo ya nufi gidan Inna Mairama, yana tafe yana roƙon Basha ya ɗaga ƙafa.

Ya samu Duaa a ƙarƙashin rumfa, kwamfuta a cinya, fuskarta sai walƙiya take.

"Ya Abdu! Ka ga yawan mutanen da suka sauke? Unguwa duka!"

"Bashmuhandisa, babbar injiniya, taɓa sunan Harisu."

Ta taɓa a wayarta tana murmushi. Murmushin ya tsaya. Ta taɓa wani. Ta taɓa wani. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Ya Rabbi. Lambar. Na bar lambar a ciki."

Inna Mairama ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna. Ni ne na yi yawa."

Duaa ta riga ta buɗe wani shafi baƙi mai cike da ƙananan rubutu masu launi. Tana bugawa tana magana da Larabcinta na Khartum mai sauri, shi kuma yana tsugune yana ƙoƙarin kamawa.

"Ka ga, kowane shafi yana da wani abu a bayansa da ke riƙe masa bayanai, muna ce masa fiyu-model. Shi ne zai je ya ɗauko hoto da lambar waya. Amma dole a faɗa masa na wa zai ɗauko, kuma tun lokacin da ake gina shi za a miƙa masa lambar mutumin a hannu. Matsalar ita ce ba ni ke gina shi ba, wayar ce da kanta, ita kuma hannu wofi ta iya gina shi. Da na ce sai an ba shi lamba, manhajar ta riƙa mutuwa ana buɗewa."

"Allah ya jiƙanta," in ji Inna Mairama, ta koma madafa.

"Abin da ya kamata in yi shi ne in rubuta wani ɗan abu, ana ce masa fakturi, wanda zai karɓi lambar daga sunan da aka taɓa, ya gina shi da ita. Ranar wuta tana ɗaukewa tana dawowa, na ce bari in manna lamba ta farko a ciki na ɗan lokaci, in ga ko hoto zai fito. Lamba ta farko kai ne."

"Ba ki gwada ba?"

"Na gwada mana! Sau da yawa." Ta rufe fuska da tafi. "Sunanka ne a sama. Shi nake taɓawa kullum. Kullum kuma kai kake fitowa, in ce ma sha Allah."

Abdulmuminu ya gyaɗa kai. "Kamar Basha ke nan. In ban ja masa linzami ba, gida ɗaya ya sani."

"Haka. Ni ce ban ɗaura linzamin ba."

Suka kalli juna, dariya ta ƙwace musu tare. Sai ya tuna, ya faɗa mata maganar Harisu da zaman bayan la'asar. Dariyarta ta yanke.

"Za su cire ka? Saboda ni?"

"In kin gyara kafin la'asar, ƙila."

Yatsunta suka yi ta gudu. Ta goge layi, ta rubuta wasu, ta yi tsaki, ta sake. Wayar Abdulmuminu tana ta kuka a gefe, yana ɗauka yana tambayar kowa, "Sunan wa kika taɓa, Hajja? To yi haƙuri kaɗan, shi zai zo." An kira azahar, ya je ya dawo, tana nan yadda ya bar ta.

Can ta miƙo masa wayar. "Taɓa da kanka."

Ya nemi sunan Harisu a hankali, don karatunsa na boko ba mai nisa ba ne. Ya taɓa. Sai ga Harisu, ya ɗaure fuska, ya kanne ido ɗaya saboda rana, kamar mai shirin tsawata wa wanda ya ɗauki hoton.

"Ga shi!" Abdulmuminu ya miƙe tsaye. "Wallahi shi ne, har fushin!"

Ishaku ya fito Ishaku. Abdelaziz ya fito da alfadarinsa. Inna Mairama ta rangaɗa guɗa daga madafa ba tare da ta san me aka samu ba. Ya taɓa nasa sunan daga ƙarshe, ya daɗe yana kallo kafin ya mayar mata da wayar.

Duaa ta tura sabuwar cikin zaure, ta haɗa da saƙon murya tana bayani, tana roƙon kowa ya sauke wannan ya goge ta jiya. "Sauran ya rage ga mutane," in ji ta. "In ba su sauke ba, kai za su ci gaba da gani."

Bayan la'asar masu karo suka taru ƙarƙashin darbejiya. Harisu ya kafa gangarsa a bakin famfo, ya zura tiyo, ya dawo ya tsaya a tsakiya. Abdulmuminu ya kunna musu saƙon Duaa. Suka saurara har ƙarshe.

"Magana ce mai daɗi," in ji Harisu. "Amma bakin wa ya faɗe ta? Wadda take kwana gidan innarka. Ni wayata tun safe ko tari ba ta yi ba."

Abdulmuminu ya kalli ƙasa. Tasa wayar ma ta yi tsit tun ɗazu, bai san ko alheri ba ne.

Sai wani kiɗa ya tashi daga ƙugun Husaini. Ya zabura, ya lalubo, ya kanga a kunne. "Na'am? Ni ne Husaini. Ni ɗin dai!" Bai sauke ba ta Ishaku ta ɗauka. Ta Abdelaziz ta biyo da wata tsohuwar waƙa da kowa ya yi masa dariya a kai. Wurin ya rikice, kowa ya toshe kunne ɗaya yana ihu da sunan titi, jakuna suka farka, wani ya soma kuka, sauran suka amsa.

Ta Harisu ce ta ƙarshe. Ya bar ta ta yi ƙara sosai kowa ya ji, sannan ya ɗauka a natse.

"Wa alaikumus salam, Hajja Fatna. A'a, ban mutu ba." Ya rufe bakin wayar da hannu, ya jefa magana gefe ba tare da ya juyo ba. "Kai, layinka bayan Ishaku. Matsar da jakin nan, ya tare hanya."

Ya hau karonsa yana ci gaba da magana, yana faɗa wa Hajja Fatna cewa shi ai ba a gadonsa da rai. Ya manta da tiyon da ke cikin gangarsa, ruwa ya cika har ya fara malala ta baya. Abdulmuminu ya taka a hankali ya zare tiyon, ya toshe bakin gangar da tsumma ya danna da kyau, ya cire dutsen da ya tokare taya. Karon ya motsa. Harisu ya kaɗa linzami ya hau titi, waya a kunne, muryarsa tana tashi har ya sha kwana.

Abdulmuminu ya goge hannu a jallabiya, ya ja Basha ya tsaya bayan Ishaku.