Jujin Hajo

Ta kafar zana Hajo ta hango su suna dirowa daga farar bas, samari da 'yan mata cikin korayen riguna iri ɗaya, kowa da waya a hannu. Ta jingine taɓarya, ta ƙura ido. Ƙauyen Furana ya sha ganin baƙi masu riga iri ɗaya: su zo da fara'a, su ɗauki hoton yara, su kaɗe ƙafa su tafi. Amma wanda ya faɗar mata da gaba shi ne mai yi musu jagora, Uwaisu, wan marigayi mijinta, mutumin da ko makara zai ɗauka sai ya fara duba ta inda zai ƙaru.

A gindin dalbejiya malaminsu, wani siriri mai tabarau, ya yi wa dattawa bayani. Ya ce ɗaliban wata kwaleji ne a birni, ana koya musu yadda ake jagorantar sauyi a cikin al'umma, kuma wannan darasi ba ya koyuwa a allo, sai an shiga mutane an yi musu hidima. Matakin farko, in ji shi, shi ne saurare. Hajo ta taɓe baki ta koma kan turminta.

Can sai ga wata daga cikinsu ta yi sallama, mai suna Rumaisa. Ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe ta da gida da yara da gajiya, sannan ta tambaye ta abin da ya fi damunta a rayuwa.

Damuwa kam akwai ta. Tun da ta fita takaba Uwaisu ke yawo da maganar cewa mace ba ta iya riƙe gona. Dangi suka yanke cewa idan bana ma amfanin ya zo a tsamure irin na bara, gonar marayunta za ta koma hannunsa riƙo har su girma, kuma kowa ya san abin da ya shiga riƙon Uwaisu ba ya fitowa. Takin zamani ya fi ƙarfinta. Don haka tun kaka take tara juji a bayan gida, kashin awaki da toka da ƙaiƙayi da sharar tsakar gida, tana jiran dab da ruwan farko ta kai gona. Sai dai da idonta ta ga yarinyar nan tana dariya da Uwaisu. Wa ya san inda magana za ta sauka?

“Lafiya lau muke, 'yar nan,” ta ce. “Sai godiyar Allah.”

* * *

Ranar kasuwar Ikara ta kai daddawarta. La'asar sakaliya ta sauka daga acaɓa, ta zagayo bayan gida, sai ta yi turus. Wurin fes, an share har da yayyafa ruwa. Ɗalibai suna tsaye jiƙe da gumi, shebur a kafaɗa, ana ta ɗaukar hoto.

Rumaisa ta taho da saurinta. “Inna, kin ga aikinmu? Baba Uwaisu ya ce jujin nan ne ke tara wa unguwa ƙuda, kuma ke kaɗai ce, ba ki da mai kwashe miki. Har amalankensa ya ba mu aro.”

“Ina kuka kai shi?”

“Wani fili ya nuna mana a bayan gari.”

Hajo ta binciki fuskar yarinyar tana neman mugunta, ba ta samu ko ɗigo ba. Tafin hannunta ma duk ya yi bororo saboda shebur. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, don da ta ga makirci a idon, da ta san wanda za ta tsine wa. Ta gane cewa da bakinta ta rufe ƙofa ranar da aka tambaye ta, Uwaisu kuwa ya buɗe tasa.

Malamin yana ta yaba wa ɗalibansa, yana nuna musu amfanin bi ta hannun manyan gari. Uwaisu ya gyara babbar riga ya yi godiya a madadin iyalin ƙaninsa, dattawa suka shafa addu'a. A gaban baƙi da dattawa, ta ina mace za ta fara ƙaryata wan mijinta?

“Inna, ko mun yi wani laifi ne?” Rumaisa ta tambaya, murmushinta ya soma dushewa.

Direba ya danna oda, abokanta suna kiranta. Hajo ta girgiza kai.

“Allah ya ba da lada, 'yar nan. Je ki, kada su bar ki.”

* * *

Ba ta ko shiga gida ba, ta bi sawun amalanke har bayan gari. Filin da aka nuna wa yaran gonar Uwaisu ce. Ga takinta nan an jera shi tsibi-tsibi, baƙi wuluk, daga wannan iyaka zuwa waccan. A gefe tata gonar tana kwance fara fat, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta kwance mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta durƙusa a kan hanya, ta shiga tsince kashin awakin da ya zube daga amalanke, ɗaya bayan ɗaya.