Karen da Ke Gaban Namadi

"Ba ni shiga zauren ga kare na kwance ciki," in ji Malam Ladan. Ya tattare rigarsa, ya juya da rubutun da ya kawo.

Namadi maƙwabcina wata biyu ke nan yana kwance. Tsohon maharbi ne, rabin Tambuwal sun ci naman hannunsa, amma yanzu daga waje masu dubiya ke sallama, wai saboda Duna, karensa.

A jikin karen nan Namadi ke duba tsufansa. Haƙoran Duna suka zube, bayan damina biyu nasa suka bi. Idon Duna ya yi yana, nasa ma ya soma. Kullum da safe sai ya shafa ƙafafun karen, sannan ya shafa gwiwoyinsa.

"Shekaratai goma sha fuɗu, Atiku," yakan ce mini. "Shi ka gaba, ni ka biya. Muddin shina lasar fura, ni ma ina sha. Ran da yab bari, na bari."

Dariya muke yi masa.

Ɗansa Attahiru, malamin hukumar gargajiya ta En'e da aka ƙara wa girma bayan samun 'yancin kai, ya zo daga Sakkwato. Da ya ji abin da Malam ya yi, kunya ta kama shi.

"Kawu Atiku, fid da muna karen ga. Mutane na zunɗenmu."

Ni kuwa, da son a yaba mini, na ɗora Duna a jaki, na ajiye shi gindin kalgo a hanyar Kebbe. Ko haushi bai yi ba.

Malam ya shigo, zaure ya cika da masu amin. Namadi ya miƙa hannu gefen tabarma yana lalube.

"Ina Duna?"

"Ya mutu, Baba," in ji Attahiru. "Mun turbuɗe shi."

Namadi ya janye hannunsa. Can ya kira matarsa. "Mardiya, ɗauke furar ga."

Bai sake sa komai a baki ba. Kwana huɗu ina shiga ina fita, gaskiya na bakina, na kasa faɗa don kada in kunyata malamin En'e. Har yau ban yafe wa kaina ba. Ranar Alhamis muka kai Namadi makwancinsa.

Da muka dawo, sai ga Duna a ƙofar zaure, haƙarƙari waje, ƙafafu duk ƙaya. Ya lalubo ƙwaryar furar da Mardiya ta ajiye a bakin danga. Masu ta'aziyya suna ratse shi, shi kuwa yana lasar furar a hankali.