Gatarin Ƙanensa

Allon wayar ya yi ja, sannan ya yi baƙi. Tela ta yi zaune baki buɗe a gaban keken ɗinkinta, rigar wata mata na ƙarƙashin allura tun safe. Mai Gatari, jarumin wasan, ya mutu.

Wayar mijinta ce. Ranar da za a kwantar da shi a asibiti don aikin ƙashin baya ya damƙa mata ita, ya ce ta riƙa buɗe wasan kullum, ta karɓi kyautar ranar, ta rufe. "Kada ki shiga faɗa. Irin wanda nake bugawa, in jarumi ya mutu ya tafi ke nan, da duk abin da ke jikinsa."

Har dariya ta yi masa. Ita da ta shekara uku tana yi masa gori, babba da gemu yana saran dodanni! Wasa ba labarin kirki, daga kashe wannan sai kashe wancan, in ka yi fashin kwana ɗaya kuma su hana ka kyauta.

Amma faɗan, wayyo, faɗan! Rana ta uku ta taɓa wani ɗan dodo, don kawai ta ga abin da ke sa mutum ya bar abinci ya huce. Gatarin ya sauka daidai inda yatsanta ya so, kamar sabon almakashi a yadi. Kauce, sara, kauce. Hannun da ya saba bin layin zare ya gane kan abin nan da nan. Yau, kwana na tara, ta hau Gadar Ƙarfe, saura ƙiris ta gama da babban dodon, sai intanet ya ɗauke. Kafin ya dawo an gama da ita.

Ba jarumin ne ya fi ƙona mata rai ba, gatarin ne. Ƙanen mijinta ne ya ba shi a cikin wasan, wata biyu kafin ya rasu, kuma sunan marigayin na rubuce a ƙotar.

A cikin bas, a hanyar asibiti, ta ɗinka ƙarya uku, ta warware su duka kafin ta sauka. Kunya ta ishe ta.

Ta same shi kwance, an tokare masa baya da matashi biyu.

"Tela, ya mutumina?"

"Maigida, na yi maka ɓarna. Na shiga faɗa. Ya mutu."

"Gatarin fa?"

Ta girgiza kai.

Ya juya fuskarsa wajen bango. Ma'aikaciyar jinya ta zo, ta duba ruwan da ake ƙara masa, ta tafi, bai motsa ba. Da ma zaginta ya yi, da ta fi samun sauƙi.

"A ina?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Gadar Ƙarfe."

"Kika kai can? Ƙanena ya ce in jira shi mu hau tare. Tun da ya tafi ban taɓa taka ta ba."

Ta rufe bakinta da gefen mayafi, hawaye na zuba.

Ya miƙo hannu ta baya, ba don wayar ba. Ya kama yatsunta.

"Faɗa mini," ya ce. "Me ke kan gadar?"